Gwanakon Patagoniya: a fara ƙirga shi kafin a ɗauki bindiga

Wani hoto ne ya hana ni sukuni kwanakin nan. Fili ne fetal a kudancin Ajantina, ba bishiya ko ɗaya, sai shingen waya da ya miƙe har inda ido ya tsaya, a jikin wayar kuma ga wata ƙaramar dabba a rataye ta ƙafafun baya, kai a ƙasa, ta bushe ƙayau, iska da rana sun gama da ita. Ta zo tsallakewa ne ta bi uwarta, ƙafar ta shige tsakanin wayoyi biyu na sama suka murɗe, shi kenan, a nan ta kwana ta wuni har rai ya yi halinsa. Sunan dabbar gwanako, kuma tun ranar nake ta bibiyar rigimar da ake a kanta, har na ga gara dai in faɗi abin da ke raina.

Ga wanda bai san shi ba, gwanako ɗan uwan raƙumi ne na nesa, sai dai ba shi da tozo kuma bai kai raƙumi girma ba, nauyin babba yana kai wajen kilo 100. Jikinsa ja-ja ne kamar ƙasar jigawa, cikinsa fari, fuskar toka-toka, ga dogon wuya. In ransa ya ɓaci tofa maka yawu yake, halin dangi dai. Daga jikinsa mutanen tsaunukan Andes suka samo lama, wannan ta gida da suke ɗora wa kaya. Ƙafarsa irin ta raƙumi ce, taushi gare ta a ƙasa, ba ta tona ƙasa kamar kofaton tunkiya, kuma wannan maganar ƙafar ku riƙe ta don tana da muhimmanci a rigimar.

Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai gwanako tsakanin miliyan 30 zuwa 50 a Kudancin Amurka. Yanzu abin da ya rage bai wuce miliyan 1.5 zuwa 2.2 ba a lissafin IUCN, ƙungiyar duniya mai bibiyar halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, na 2016, kuma mafi yawansu a Patagoniyar Ajantina suke, wato yankin kudancin ƙasar. A Peru 'yan dubbai ne, a Bolibiya 'yan ɗaruruwa, a Faragwai ma abin bai kai haka ba. Toh amma duk da haka in ka je lardin Santa Cruz da ke Patagoniyar Ajantina ka tambayi masu kiwon tumaki, ce maka za su yi annoba ce, ya yi yawa, ya cinye ciyawa, a rage shi. Dabba ɗaya, a wani wuri ana neman ta ruwa a jallo don kar ta ƙare, a wani wurin ana kiranta annoba.

Ni dai matsayina shi ne, ban ƙi a ci moriyar gwanako ba, ko namansa ko gashinsa. Mutanen Tehuelche da Selk'nam, 'yan asalin yankin, da shi suka rayu shekaru dubbai, namansa abinci, fatarsa tufafi da tanti, jijiyarsa zare da tsirkiyar baka. A kogon Cueva de las Manos da ke Santa Cruz akwai zanen farautarsa a jikin dutse da ya haura shekara 9,000. Sun ci, sun sa, kuma bai ƙare ba. Abin da na ƙi shi ne a ce wai cin moriya mai ɗorewa ake yi alhali abin da ake so a zuci shi ne a share dabbar daga fili don tumaki su sake, sannan wanda ke son a share ɗin shi ne kuma zai faɗi yawansu. Wannan ai an ba kura ajiyar nama ne.

Bari mu koma baya kaɗan don a ga waye ya cinye filin. Tumaki sun shigo Patagoniya ne a ƙarshen ƙarni na 19, da yawansu daga tsibiran Malvinas aka kawo su, aka yanka ƙasa gandu-gandu aka zagaye da waya. A tsibirin Tierra del Fuego, can ƙarshen kudu, da 'yan Selk'nam suka ga gwanako ya yi ƙaranci suka fara kama tumaki, sai masu gandu suka sa aka riƙa farautar mutanen su kansu, aka kusa shafe al'ummar baki ɗaya, wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Zuwa 1952 tumakin Patagoniya sun kai wajen miliyan 22, a ƙasar da ruwan sama bai taka kara ya karya ba, ga iska kullum kamar za ta ɗauke mutum. Tunkiya kuma kun san ta, tana cin ciyawa har gindi, ta tattake sauran da kofato, iska ta zo ta kwashe ƙasar saman. Haka hamada ta ci wurin a hankali. A lokacin da wannan ɓarnar ke faruwa gwanako ai shi ne abin tausayi, ana karkashe shi, an kore shi zuwa wuraren da tunkiya ba ta so. Akwai ma sana'a sukutum ta kashe jariran gwanako, waɗanda ake kira chulengo, ana bin su da doki 'yan kwanaki bayan haihuwa saboda laushin fatar, a haɗa fatu da yawa a ɗinka bargo. Fatu dubu ɗaruruwa aka fitar waje a shekarun 1970, har sai da hukumar yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta ba da shawarar a daina sayen kayan gwanako daga Ajantina a 1993.

Daga baya farashin ulu ya faɗi, dutsen Hudson ya yi aman wuta a 1991 toka ta binne makiyaya a Santa Cruz, tumaki suka mutu, gandaye da yawa aka rufe su aka koma gari. Yau tumakin Patagoniya ba su kai miliyan 10 ba. Inda mutum da tunkiya suka tashi sai gwanako ya dawo gidansa, ya hayayyafa, har ƙidayar jirgin sama ta nuna sun haura miliyan ɗaya a Santa Cruz kaɗai. Sai kuma aka wayi gari wai shi ne ya kawo hamada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma fa kar in yi rashin adalci, don makiyayin can yana da kukansa na gaskiya kuma ba dukkansu ne attajirai ba. Abincin gwanako da na tunkiya kusan iri ɗaya ne, kuma babban gwanako yana cin abin da ya fi na tunkiya ɗaya. Ka ɗauka mutum ne ya ji shawarar malaman gona, ya kwashe tumakinsa daga wani yanki don ciyawa ta huta ta farfaɗo, ya haƙura da ribar shekarar, sai ya dawo ya tarar garken gwanako ya tsallako waya ya yi zamansa a wurin, ga kwamin ruwan da ya kashe kuɗi ya gina su ne a kai suna sha. Duk wanda ya taɓa kiwo ko noma ya san wannan takaicin. Masu bincike na INTA, wato cibiyar binciken noma ta Ajantina, sun fitar da nazari a 2019 suna cewa in aka haɗa tumaki da gwanako, bakin da ke cin ciyawar ya fi ƙarfin abin da ƙasar ke fitarwa. Sai wasu masanan, su Andrea Marino, suka mayar da martani a 2020 suka ce a'a, an zuzuta abin da gwanako ke ci, kuma a wurare da yawa tumakin kaɗai ma sun riga sun fi ƙarfin filin, ko an kashe gwanako duka matsalar tana nan. Kun ga ashe su kansu masanan ba su gama daidaitawa ba, toh ina dalilin gaggawar harbi?

Inda na fi so a tsaya a duba shi ne yadda dabbar nan take haihuwa, don duk maganar ɗorewa a nan take. Macen gwanako tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya da rabi, ta haifi ɗa guda ɗaya tak, ba tagwaye kamar akuya. Haihuwar tana zuwa ne wajen Nuwamba da Disamba, lokacin da ɗumi ya shigo a can, kuma ba ta daɗewa bayan haihuwa namiji yake sake hawanta. Ma'ana babbar mace kusan kullum da ciki take, kuma sau da yawa ga wani tana shayarwa. Duk watan da ka ɗaga bindiga ka harbe ta, rai biyu ka kashe, wani lokacin uku, don na bayanta ba lallai ya kai labari ba. A takarda kuwa ɗaya za a rubuta.

Sannan zamansu na iyali ne. Namiji ɗaya yana da yankinsa da matansa da 'ya'yan shekarar, yana tsaye a kan tudu yana gadi, in ya hango puma, wannan babbar kyanwar dajin da ita ce mai cin su, sai ya yi wata irin haniniya kowa ya arce. In 'ya'ya suka kai kusan shekara sai ya kore su. Samarin da ba su samu yanki ba sai su haɗu su yi garken tuzurai, wani lokacin da yawan gaske. Wannan rabon yankin shi ke taka wa yawansu birki, don wuri mai kyau yana da iyaka, mai gida ba ya barin kowa ya shigo masa. An ga haka a San Pablo de Valdés da ke lardin Chubut, inda aka kwashe tumaki a 2005, gwanako ya ƙaru da sauri na wasu shekaru sannan adadin ya tsaya cak da kansa, ciyawa kuma ta farfaɗo maimakon ta lalace. A ɓangaren Chile na Tierra del Fuego, a yankin Cameron, an yi ta ƙirga su tun 1977 har sama da shekara 30, abin da lissafin ya nuna shi ne in sun yi kaɗan suna ƙaruwa da sauri, in sun cika wuri sai ƙaruwar ta ja baya. Kuma ku lura a tsibirin nan babu puma ma. Don haka zancen wai in ba a harbe su ba za su yi ta ƙaruwa har su cinye duniya, ni ban yarda da shi ba.

Bari in ba da misali na kaina don a gane inda haɗarin yake. Ka ce kana da gwanako 1,000 a wani yanki, a shekara mai kyau bayan an cire waɗanda sanyi da puma da waya suka kashe sun ƙaru da 100. In ka ɗebi 60 ko 70, akasari daga garken tuzurai, uwar garken tana nan, baɗi ma ka ɗiba. Toh amma in ƙidayarka ta yi kuskure fa, ka zaci 1,500 ne saboda ka bi titi da mota ka ƙirga inda suka taru sannan ka ninka a kan duk faɗin lardin har da inda babu ko ɗaya? Sai ka yanke 150, ka fara cin jari kana zaton riba ce. Kuma ba za ka gane ba sai bayan shekaru, don dabbar da ke yawo garke-garke ko ta ragu ido yana ganin kamar tana nan da yawa. Sai kuma shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa makonni, su mutu da yunwa a jikin waya don sun kasa wucewa inda abinci yake, kai kuma takardar izininka tana nan da adadin bara. Ko cuta ta shigo. A gandun dajin San Guillermo da ke lardin San Juan ƙazwa ta ɓulla wajen 2014, cikin 'yan shekaru ta share sama da kashi 90 cikin ɗari na gwanako da bikunya, wata ƙaramar 'yar uwarsa ta daji, na wurin. Wurin da ba a farauta ma kenan. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, dabbar da ke haihuwar ɗaya a shekara in ta faɗi, tashinta sai an yi shekaru ana jira.

Mu nan ai mun ga irin wannan da idonmu a kan jaki. Shi ma ciki kusan shekara, ɗa ɗaya. Da kasuwar fatarsa ta buɗe saboda maganin ejiao da ake yi a China, cikin 'yan shekaru jakin da talaka ke saye ya ɗebi ruwa da taki ya gagare shi, a ƙauyenmu sai da ta kai ana kwana da jaki a cikin gida saboda ɓarayi. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka ta hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Kasuwa in ta buɗe baki ba ta san wata goma sha ɗaya da rabi ba, ita dai a kawo.

Shi ya sa abin da ke faruwa a Ajantina yake ba ni tsoro. A 2006 sun yi tsarin kula da gwanako na ƙasa, wanda ya fi karkata ga aske gashi a saki dabba. A 2018 aka yi gwajin ɗibar 6,000 a Santa Cruz, aka fitar da nama kusan tan 20 zuwa Beljiyam, karo na farko kenan. A 2019 aka sake tsarin ya buɗe ƙofar cinikin nama da fata tsakanin larduna da ƙasashen waje. A Fabrairun 2024 a taron Samarkand na Uzbekistan aka sa gwanako cikin jerin dabbobi masu ƙaura da ya kamata ƙasashe su haɗa kai wajen kare su, amma a cikin wannan shekarar dai gwamnatin shugaban Ajantina Javier Milei ta soke tsarin ƙasar ta bar wa kowane lardi ya yi nasa. Gwanako kuwa bai san iyakar lardi ba, wanda ya yi rani a nan zai iya yin hunturu a can, kowa ya ƙirga shi a nasa ya yanke kasonsa a kansa. Kuma a lardin da masu tumaki ke da baki a siyasa, wa kake jin zai yi nasara in aka zauna yanke adadi, mai binciken da ya ce a dakata a sake ƙidaya ko ƙungiyar makiyaya?

Akwai wata hanyar da ta fi kwanta min, duk da ita ma ba aljanna ba ce. A La Payunia da ke lardin Mendoza, wasu masu kiwon awaki, talakawa ne sosai, sun kafa ƙungiyar Payún Matrú a 2005. Abin da suke yi shi ne su kafa shinge mai faɗin baki yana tsukewa kamar mazurari, su koro gwanakon daji a hankali har su shige, a kama ɗaya bayan ɗaya a rufe masa ido da ƙyalle don hankalinsa ya kwanta, a kwantar da shi a aske da inji cikin 'yan mintuna, a buɗe ƙofa ya zabura ya koma daji, masana na tsaye suna duba lafiyar dabbar. Gashin da ake samu a jikin ɗaya bai wuce rabin kilo ba, amma laushinsa sai wanda ya taɓa, siririn gaske ne, kaurinsa wajen maikiron 15 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), bikunya ce kawai ta ɗan fi shi. Daga baya suka samu injin kaɗi suna sayar da zare maimakon ɗanyen gashi. Dabbar da aka aske bana tana nan za a sake askewa, kuma ta haihu a tsakani. Irin wannan ce ta ceci bikunya a Peru, wadda a shekarun 1960 ta ragu zuwa 'yan dubbai, aka yi yarjejeniyar kare ta a 1969, aka dawo da tsohuwar al'adar chaccu ta kora da aski, yanzu ana maganar dubu ɗaruruwa.

Matsalolinta kuwa, kamun yana wahalar da dabbar in ba a iya ba, tana iya mutuwa don firgici ko ta yi ɓari in an yi shi dab da haihuwa. Sai inda suke da yawa sosai aikin ke biyan kuɗinsa. Raba gashi mai laushi da mai kaushi aiki ne ja, kasuwar kuma ƙarama ce, ba ta kai ta bikunya suna ba. Kuma aski ba ya rage baki ko ɗaya a kan ciyawa, don haka makiyayin Santa Cruz zai ce maka wannan bai share masa hawaye ba, kuma gaskiyarsa. Shi ya sa ban ce kar a yanka ko ɗaya ba. Naman ma ba shi da kitse, mutane na ci, duk da shi ma yana da nasa ciwon kan, don ana yawan samun wasu ƙwayoyin cuta farare kamar shinkafa a cikin tsokar da ke sa a zubar da wani ɓangare, ga nisan ɗaruruwan kilomita daga inda aka harba zuwa mayanka.

Abin da nake so in gani ba wani abu ne mai wuya ba. Ƙidaya ta zama a hannun waɗanda ba su da tunkiya ko ɗaya kuma ba su da hannun jari a mayanka, a yi ta yanki-yanki, a buga sakamakon kowa ya gani. Adadin da za a ɗiba ya riƙa bin abin da aka ƙirga a shekarar, in hunturu ya yi tsanani ko cuta ta ɓulla a rufe farauta ba tare da wani dogon taro ba. A bar mata da masu gida, a ɗiba daga tuzurai. Kuma duk gandun da ya nemi izinin rage gwanako da sunan ceton ciyawa, a ƙirga tumakinsa shi ma a ranar, in sun fi ƙarfin filin ya rage, don ba zai yiwu a kashe ɗan gida a cike gurbinsa da ƙarin tumaki sannan a ce ƙasa ake ceto ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne zai nuna waye da gaske yake.

Sai kuma wayar nan da na fara da ita. Ƙananan da ke mutuwa a rataye duk shekara ba sa shiga lissafin kowa, ba nama, ba gashi, ba fata, asara ce zalla, kuma suna cikin abin da ya kamata a cire kafin a ce ga rarar da za a ɗiba. Tunkiya ba ta tsalle mai tsawo, waya ta can sama ba don ita aka sa ba, a wurare da yawa in aka cire ta ko aka sassauto da tsayin shingen tumaki ba za su fita ba, ɗan gwanako kuma zai wuce ya bi uwarsa. A gandayen da aka rufe tun shekarun 1990 ma, inda babu tunkiya ko ɗaya, wayoyin suna nan a tsaye sun yi tsatsa suna ta kama ƙafafu, ba mai su a kusa balle ya zo ya kwance.